Waiwaye: Daga Baitulmalin En'e Zuwa Rabon Keken Ɗinki

Idan shugaban ƙaramar hukuma ya cika kwana ɗari a ofis, kusan kowa ya san abin da zai biyo baya. A kafa rumfuna a harabar sakatariya, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da 'yan babura, mata da matasa su yi layi, a ɗauki hoto. Wai an sama wa jama'a aikin yi ke nan. Kafin wata ya zagayo, da yawa daga kayan sun koma kasuwa an karyar da su, domin wadda aka bai wa keken ba ta taɓa koyon ɗinki ba, kuma gida babu hatsi. Ni dai ban ga laifinta ba.

Waiwaye adon tafiya. Kafin a san ƙaramar hukuma, En'e ce ke riƙe da ƙasa a Arewa. Tana da baitulmalinta a hannun Ma'aji, abin da ke shiga cikinsa kuwa haraji ne da jangali da kuɗin kasuwa da tarar kotun alƙali. Gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, En'e ta riƙe sauran. Da irin wannan kuɗi En'en Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kuma kawo wutar lantarki cikin birni a farkon shekarun 1930. Tana da asibitinta, tana da sashen ayyuka inda kafintoci da magina da makanikai da direbobi suka koyi sana'ar da suka ci da iyalinsu har tsufa. Ga malaman gona, ga malaman dabbobi masu bin rugage suna yi wa shanu allura, ga duba-gari.

Kada a ɗauka tsabar son talaka ne ya kawo haka. Lissafi ne. Jangali kan saniya ake biya, saboda haka idan bushiya ta faɗa wa garke, Ma'aji ma sai ya ji a jikinsa. Idan gyaɗa ba ta isa tashar jirgi ba, manomi ba shi da abin biyan haraji, don haka dole a gyara hanyar da motar kaya za ta bi, a haƙa rijiya, a yi rumfunan kasuwa. Zaluncin da ya tafi tare da wannan tsari ma ba ɓoyayye ba ne: 'yan doka, da aikin tilas, da magidancin da ke barin garinsu saboda gudun haraji. A kan haka aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, a kan haka Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana gwagwarmaya. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu.

Sai dai wani abu ya salwanta a hanya. Garambawul ɗin 1976 ya samar da ƙananan hukumomi 301, aka yanka musu kaso daga asusun tarayya. Yau sun kai 774, Kano kaɗai tana da 44, kuma kasonsu ya ɗan haura kashi 20 cikin ɗari. Tun daga garambawul ɗin igiyar da ta ɗaure cikin hukuma da aljihun mai sana'a ta tsinke. Kasuwa ta ci ko ta mutu, ƙarshen wata kuɗi za su zo daga sama. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 kuma ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sai idon ciyaman ya koma gidan gwamnati. Shirye-shiryen samar da aiki ma daga sama suka riƙa saukowa: DFRRI a 1986, Better Life a 1987, NAPEP a 2001, wadda abin da ya fi daɗewa a cikin gadonta shi ne sunanta a jikin keke mai ƙafa uku.

Abin takaici, tsarin mulkin ya riga ya damƙa wa ƙaramar hukuma wuraren da aikin yi yake: kasuwa, da tashar mota, da kwata, da magudanai, da kwashe shara, da ƙananan hanyoyi. Shiga kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ka bi buhun riɗi guda ɗaya ka ga hannu nawa yake ciyarwa: dillali, mai awo, matan da ke tankaɗe da tsince shi, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, ɗan kamasho, direba da yaronsa, har mai shayin da ke bakin rumfa. Haka karar Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar, haka Wudil ranar Juma'a. Babu wanda ya raba wa waɗannan mutane komai a sakatariya. Buƙatarsu hanyar da tirela ba za ta kafe ba da damina, da ruwa, da ban-ɗaki, da sito, da motar kashe gobara a kusa, da rasit guda ɗaya maimakon a yi ta tare su a kowace kwana. Amma a kasuwanni da yawa, iyakar abin da ɗan kasuwa ya sani na ƙaramar hukuma shi ne mai yankar rasit.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin ya yi daidai. Sai dai ko kuɗin sun iso ba tare da kowa ya taɓa ba, ciyaman ɗin da bai damu da kasuwar garinsa ba ƙarin kekuna kawai zai saya, ya ƙara naɗa masu ba shi shawara.

Ba na kiran a dawo da haraji da jangali. Kirana ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta ne. Duk mai neman ciyaman ko kansila da ya zo muku, ku tambaye shi nawa kasuwarku da tasharku suka tara bara, kuma nawa ne a ciki ya dawo wa kasuwar. Ku ce a manna lissafin a ƙofar sakatariya kowane wata.