Zancen Garka: Furen da ke jimre rana, amma ranar wace ƙasa?

A cikin littattafan tallar iri da dashe da ke fitowa daga Turai, akwai wani ɗan itace da hotonsa ke tsayar da idon duk wanda ya buɗe shafin. Sunansa rododandaron. Ganyensa kore ne shar duk shekara, idan kuwa lokacin furensa ya yi, sai fure ya lulluɓe shi har a rasa ganin ganye. Danginsa sun haura iri 1000, kuma akasarinsu ƴan inuwa ne. Sun fi yawa a tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin, inda hazo ke kwana bisa duwatsu. Sai dai akwai kaɗan daga cikinsu da masu talla ke cewa suna jimre rana, kuma wannan magana ce ke cin kuɗin mutane.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne wanda ake kira P.J.M. A shekarar 1939, wani saurayi mai suna Edmund Mezitt, da ke aiki a gandun rainon dashe na mahaifinsa a jahar Masacusat ta Amurka, ya haɗa auren iri biyu: ɗaya daga tsaunukan gabashin Amurka, ɗaya kuma mai asali daga Siberiya da arewacin Sin. A 1945 dashen ya yi furen da ya nuna darajarsa, sai aka raɗa masa haruffan sunan mahaifin, Peter J. Mezitt. Tsawonsa mita 1 ne zuwa 2, furensa ja-ja mai sirkin shuni yana fitowa a watan Afrilu, kuma yana tsallake sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri.

To, ranar da yake jimrewa ta can ce. A birnin Boston, zafin rana a watan Yuli, wanda shi ne mafi zafi, yakan tsaya wajen digiri 28. A Maraɗi ko Tawa kuwa, digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne. Mai tallar bai yi ƙarya ba, da maƙwabtansa yake magana.

Ko a can ɗin ma, asirin itacen a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwoyinsa sirara ne kamar gashi, ba sa nitsewa, suna shimfiɗe ne kusa da bisa. Shi ya sa masu garka ke gina masa rami mai faɗi marar zurfi, su dasa shi daidai inda ƙasar tukunyarsa ta tsaya. Wanda ya binne masa wuya ya kashe shi sannu a hankali. Daga nan sai su rufe gindin da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye, don kai ya sha rana, ƙafa kuwa ta zauna cikin sanyi da laima. Ba a kai masa hauya kusa, ciyawar da ta fito da hannu ake cire ta.

Ƙasar kuma dole ta kasance mai tsami, wadda a ma'aunin pH take tsakanin 4,5 da 6. Idan akwai farar ƙasa a cikinta, ko a cikin ruwan da ake ba shi, sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan jibge, ganye ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore. Saboda haka ake tara masa ruwan sama. Toka ma, wadda manomi ya saba ɗauka alheri ce ga gona, kashe tsamin ƙasa take yi, don haka guba ce a gindinsa. Tohon furen baɗi kuwa tun bana yake ƙulluwa, ƴan watanni bayan na bana ya zube. Wanda ya bar shi da ƙishirwa a lokacin, ko ya makara wajen sassabe, zai wayi gari da ganye babu fure.

A ƙasar zafi, gaba kura ce baya siyaki. In an rage ruwa, saiwoyin bisa su ƙone. In an ƙara, ƙasa mai ɗumi da jiƙa ita ce gidan ƙwayar cutar da ke ruɓar da saiwa, sai a ga itace ya yi yaushi alhali gindinsa sharkaf yake da ruwa, mai shi kuwa ya ƙara zuba wani.

Abin mamaki, sunan ma aro ne. A harshen Girka yana nufin itacen wardi, kuma mutanen da can wani itace dabam suke kira haka, kafin masani Linne ya ɗora sunan bisa wannan dangi a 1753. Mai sunan na asali shi ne wanda Faransawa ke kira laurier-rose, wanda ake gani a gidaje da harabar ma'aikatu a Yamai. Shi ma kore ne rani da damina, yana fure ja ko fari, kuma a ƙoramun Afirka ta Arewa ya saba da rana da farar ƙasa. Reshensa ake yankewa a sa cikin ruwa ya yi saiwa, ba sai an yi odarsa daga ƙetare ba.

Abu guda ya haɗa su: dukansu biyu suna da dafi, kuma na laurier-rose ya fi muni, don zuciya yake taɓawa. Ganye kaɗan, ɗanye ko busasshe, na iya kashe akuya ko tunkiya. Mai dasa shi sai ya nisanta shi da turke da wurin wasan yara, ya kwashe abin da ya sassabe kafin dabbobi su dawo kiwo. Iccensa ba ya zama asawaki, ko tsinken tsire, ko makamashin murhu.