Dillali Ba Ya Nuna Gida Da Damina

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Yamai ya san ba shi ke neman dillali ba, dillali ne ke jin ƙamshinsa. Ka faɗa a fada cewa mai gida ya ba ka wata biyu ka tashi, kafin a sauke shayi na uku wayarka ta soma ƙara. Mai gadin unguwa kunnensa ne, mai shago haka, ɗan kabu-kabu haka, kowa da ɗan abin goron da yake sa rai. Wannan ban ga laifinsa ba. Neman abinci ne, kuma baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Damagaram bai san lungu ba, dole ya kama hannun wani.

Rigimata da su ta soma ne daga kuɗin gani. Kafin a buɗe maka ƙofa sai ka ba da jika biyu ko uku, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. To wanda ake biya don ya nuna, me zai sa ya yi saurin nuna maka wanda ya dace? Sai ya fara da kangon da shi kansa ya san ba mai shigarsa, ya bi da wanda aka riga aka kama tun makon jiya. Gida ɗaya ya ci kuɗin mutum goma, kuma har yau babu kowa a ciki.

Yanzu kuma tallar ta koma WhatsApp da TikTok. A ɗauki falo ta kusurwar da zai yi faɗi, a haska tayil, a ɗora kiɗa. Ba za ka taɓa ganin kwatar ƙofar gida ba, balle takardar bashin wutar da wanda ya tashi ya bari. Kana cikin kallo sai saƙo: wani alhaji na hanya da kuɗinsa, in kana so ka turo kafin la'asar. Wannan alhajin shekara da shekaru yana hanya bai iso ba. Aikinsa kawai ya hana ka tunani.

Amma abin da ya fi ci mini rai ruwa ne. A Satumbar 2020 kogin Isa ya karya shingen da ke tare shi, ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, mutane suka kwashe ƴaƴansu suka koma makarantu. Ruwa ya janye, ya bar shaidarsa a bango. Me aka yi? Aka sayo fenti. Ƙanwata ta kama ɗaki biyu da falo cikin watan Maris, bango fes, dillali yana rantsuwa ko ɗigo ba ya tsayawa a nan. Ta biya wata uku gaba, ta biya la'adarsa. Ruwan Agusta na farko katifarta ta yi iyo. Ta kira shi, ya ce ai ruwa na Allah ne.

Ruwa na Allah ne, fentin kuma na wa?

Za su ce mai gida ne ya ɓoye, su ƴan aike ne. Ban yarda ba. Mutumin da ya san wace bazawara ce za ta sayar da gidan gado tun kafin a yi sadakar arba'in, shi ne bai san layin da ke cika da ruwa ba? Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, har mai saye na da damar mayarwa. Kuma la'ada daga aljihun mai haya take fita, don haka shi ya fi cancanta a gaya wa gaskiya.

Da ƙanwata ta tashi sake neman gida, ni na raka ta. Muka bar dillali a tsakar gida yana yabon tayil, muka shiga maƙwabta muka gaida wata tsohuwa, muka tambaye ta inda ruwan bara ya tsaya. Ba ta ce komai ba, ta ɗora hannu a gwiwarta.