Tsarki Ba Ya Shiga Kwalba

Wai yaushe tsarki ya zama hajar kasuwa? Bi manyan titunan Jos ko Kaduna ka ɗaga kai, allunan talla ne reras: mutum cikin kwat mai ƙyalli, an jera masa Annabi, Manzo, Dakta, Bishop, duk shi kaɗai. A ƙasa kuma ga ranar da mu'ujiza za ta sauka, har da ƙarfe nawa!

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne man shafewa. Man zaitun ne na kanti, a ɗura a 'yar kwalba, a manna hoton fasto, kuɗinsa ya ninka. Akwai na samun miji, akwai na biza, akwai na korar maƙiya. Gwauruwa ta sayar da 'yar masarar da ta rage mata ta saya, ta shafa wa ɗanta mai zazzaɓin cizon sauro a goshi, asibiti kuwa ko oho. In yaron ya cika, sai a ce bangaskiyarta ce ta gaza. Haba jama'a! Gaskiya ne Wasiƙar Yakubu ta ce dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai su yi masa addu'a, amma a wace aya aka yanka farashi? Duk ɗan makarantar Lahadi ya san yadda Bitrus ya fatattaki Siman mai sihiri da ya zo sayen baiwar Allah da kuɗi, ya kuma san kuturtar da ta kama Gehazi saboda kayan Na'aman.

Kada ma a taɓo zancen kujerun gaba. Ɗan siyasan da ya danne albashin malamai ya shigo ana tsakiyar wa'azi, a tashi tsohuwa a ba shi wuri, har da tafi. Ga lasifikar addu'ar dare da ke hana maras lafiya runtsawa.

To, su wa ikilisiya ta shaida da tsarki? Josephine Bakhita 'yar Darfur ce, aka sace ta tana yarinya, aka yi ta cinikinta a kasuwannin bayi na Sudan, aka tsattsaga mata jiki aka cusa gishiri. Ta ƙare rayuwarta a garin Schio na Italiya tana girki da tsaron ƙofa a gidan sistoci, ta yafe wa waɗanda suka sayar da ita. Ta rasu a 1947, aka sa ta cikin waliyyai a 2000. Namu na gida, Fada Cyprian Tansi ɗan Aguleri, da ƙafa da keke ya yi ta zaga ƙauyuka, kuma Fafaroma John Paul na Biyu da kansa ya zo Nijeriya a 1998 ya ayyana shi mai albarka. Samarin Uganda da aka ƙone a Namugongo a 1886 kuwa, ransu suka bayar, ba su karɓi ko kwabo ba.

Irin wannan tsarki bai ƙare ba. Yana nan wurin matar zumunta da ke wanke wa surukarta mai shanyewar jiki kowace safiya, ba allo ba hoto.

Ɗan'uwa, in aka ɗaga kwalba ranar Lahadi, maida kuɗinka aljihu, ka biya wa marayan unguwarku kuɗin makaranta.