Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Xabi Alonso A Real Madrid

Duk lokacin da wata babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Turai ta ɗauki sabon koci, mukan ji muhawara ta kaure a rumfunan kasuwa da gidajen kallo, tun daga Ƙonni da Illela har zuwa Jibiya da Maigatari. Mafi yawanmu sunan kocin muke dubawa da kofunan da ya ci a baya, ba kasafai muke tambayar kwana nawa aka ba shi ya shirya 'yan wasansa kafin a buɗe kakar wasa ba. Abin da ya faru da Xabi Alonso ya isa ya sa mu riƙa yin wannan tambaya.

Idan ba a manta ba, a watan Mayun 2025 ne Real Madrid ta ɗauko Alonso daga Bayer Leverkusen ta Jamus a kan kwantiragin shekara 3, domin ya gaji Carlo Ancelotti wanda ya tafi horar da Birazil. Ba ƙaramin mutum aka ɗauko ba, domin shi ne ya ciyo wa Leverkusen gasar Jamus karo na farko a tarihinta a 2024, ba tare da an doke shi ko sau ɗaya a gasar ba.

A al'ada, sabon koci kan samu mako 5 zuwa 6 na share fage. A nan ne yake gina ƙarfin jikin 'yan wasa, ya koya masu salonsa, ya gwada yara a wasannin sada zumunta, ya kuma nuna wa manya cewa shi ne mai gida tun kafin a fara lissafin maki. To amma Alonso yana kama aiki sai ya kwashi 'yan wasan da suka gaji zuwa Amurka, gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi 32 wadda hukumar FIFA ta zuba wa kyautar dala biliyan 1. A can PSG ta lallasa su da ci 4 da nema ranar 9 ga Yuli. Bayan hutu suka koma atisaye ranar 4 ga Agusta, suka buga wasan sada zumunta ɗaya tak a Ostiriya, ranar 19 ga wata kuma suka shiga La Liga da Osasuna. Ƙungiyar ta roƙi a ɗage wasan, aka ƙi. Kwana 15 ke nan, alhali yana da sababbin zuwa irin su Trent Alexander-Arnold da Dean Huijsen da Alvaro Carreras, dukkansu masu tsaron baya, inda aka fi buƙatar sabo da juna.

Wani zai ce ai PSG ta fi su rashin hutu, tunda ta kai wasan ƙarshe. Gaskiya ne, sai dai Luis Enrique yana tare da 'yan wasansa tun 2023, sun riga sun san abin da yake so. Wani kuma zai tuna mana cewa Alonso ya ci wasanni 6 na farko a La Liga. Wannan ma haka ne, amma gwanintar mutum irin Mbappe tana iya rufe ɓaraka na ɗan lokaci. Da Atletico Madrid ta zura masu 5 da 2 a watan Satumba, ɓarakar ta fito fili. A watan Oktoba kuwa, duk da sun doke Barcelona 2 da 1, duniya ta ga yadda Vinicius ya fusata a bainar jama'a don an canza shi. Ranar 12 ga Janairun 2026, kwana ɗaya bayan Barcelona ta doke su 3 da 2 a Jidda, aka raba gari.

Sai mu kwatanta da Arne Slot, wanda ya gaji Jurgen Klopp a Liverpool a 2024. Ya fara atisaye tun watan Yuli, ya yi wasannin gwaji a Amurka, bai tarwatsa 'yan wasan da ya tarar ba, ya kuma ɗauki kofin Firimiya a watan Afrilun 2025.

Ba mu ce ƙarancin lokaci kaɗai ya kayar da Alonso ba, domin akwai raunin 'yan wasa, akwai kuma girman kan taurari a gidan da shugaba Florentino Perez ke da ta cewa. Amma a ganinmu shugabannin sun sayar da makonnin shiri don kuɗin gasar Amurka, sannan suka ɗora wa koci asarar. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin makomar yaron da aka damƙa wa shago ranar kasuwa, bai san farashi ba, bai san masu bashi ba.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a dilar rigunan wata ƙungiya don kawai ta yi sabon koci, ya fara ƙirga kwanakin da aka ba kocin, da yawan sababbin 'yan wasan da zai haɗa. Haka nan masu riƙe da ƙungiyoyinmu na gida, da ke naɗa koci ana saura 'yan kwanaki a fara gasa, su sani cewa abin da ya gagari Real Madrid da dukiyarta ba zai zo masu da sauƙi ba. Allah Ya sa mu gane.