Keken gora a Yola, me zai hana?

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Jimeta zuwa Girei ya zama wani kwas da ɗalibi ke rubuta jarrabawarsa kullum. Shi ya sa nake ganin 'yan injiniyan MAU su waiwayi keken gora.

Ba wasa nake ba fa. A Kumasi ta Ghana, Bernice Dapaah da mutanenta sun daɗe suna haɗa firam ɗin keke da gora: a busar da ita, a yi mata maganin ƙwari, a ɗaure gaɓoɓin da zare da gam mai ƙarfi. Taya, sarƙa, birki da feda duk irin na kasuwa ne.

Na san me za ku ce: gara, ramuka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. To ai nan binciken yake! Gam ɗin zai jure ranar Yola? Firam ɗin zai ɗauki ƙato da buhun masara ya haye gadar Binuwai? Kafintan Jimeta ya san itace, mai gyaran keke ya san saiti, ɗalibi kuma yana da ɗakin gwaji da lissafi. A haɗa su mana.

Sharaɗina ɗaya ne, wallahi: farashi. In ya fi keken gwanjo tsada, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ba zai saya ba, sai dai a ɗauki hotonsa ranar baje koli.