Bon Iver: Mawaƙin da ya ƙi zama a ɗakin da ya yi masa suna

Duk lokacin da Justin Vernon, mawaƙin Amurka da aka fi sani da Bon Iver, ya fitar da sabon kundi, sai wasu tsofaffin masoyansa su taso da ƙorafi guda: ya bar jita ya rungumi na'ura, saboda haka gaskiyar da ke cikin waƙarsa ta gudu. Wannan ƙorafi ba shi da tushe, kuma tarihin mutumin ne ke ƙaryata shi.

A ƙarshen 2006 Vernon yana da shekara 25. Ƙungiyarsu ta DeYarmond Edison ta watse a garin Raleigh, soyayyarsa ta mutu, ga jinya. Sai ya koma jiharsu ta Wisconsin, ya tare a wani ɗakin katako na mahaifinsa da ake sauka lokacin farauta. Ya yi kusan wata uku a can cikin tsananin sanyi, ya naɗi yawancin waƙoƙin da suka zama kundin For Emma, Forever Ago. Shi ya fitar da abinsa a 2007, kamfanin Jagjaguwar ya sake fitar da shi a 2008. Sunan Bon Iver ma daga Faransanci ya samo asali, ma'anarsa kyakkyawan hunturu.

Labarin ya yi wa mutane daɗi: saurayi shi kaɗai a daji, da jita da karyayyar zuciya. Abin da ake mantawa shi ne, ko a wannan kundin ba murya ɗaya ake ji ba. Vernon ya riƙa naɗar siririyar muryarsa yana ɗora ta kan wata, har ta zama kamar ta taron 'yan amshi. Tun ranar farko aikin na'ura ne, sai dai na'urar tsohuwa ce kuma mai araha.

A 2009 ya fito da waƙar "Woods", wadda babu kiɗa a cikinta, muryarsa ce kawai da aka bi ta cikin Auto-Tune. Kanye West ya ji, ya gina waƙarsa ta "Lost in the World" a kanta a 2010. Kundi na biyu da ya fito a 2011 ya zo da cikakkiyar tawagar makaɗa, ya kuma ci masa kyautar Grammy biyu a 2012, ciki har da ta gwarzon sabon mawaƙi.

Kundin 22, A Million na 2016 shi ya fi raba kan jama'a. Sunayen waƙoƙin cike suke da lambobi da alamomi, sautin a kakkarye, wani wurin kamar kaset ya cinye. Shi da injiniyansa Chris Messina sun haɗa wata dabara da ke mayar da muryar mutum ɗaya ta zama muryoyi da yawa nan take.

Masu suka suna da abin faɗa a nan. Kundin yana da wuyar shiga, baitocin wani lokaci ba a gane inda suka dosa, kuma wanda ya saba da "Skinny Love" zai iya kashewa tun waƙa ta biyu. Amma wuyar saurare daban, ƙarya daban. Waƙar da ta fi kowace nuna rauninsa a kundin ita ce wadda ya rera ba kiɗa ko kaɗan, muryarsa na rawa tana tsinkewa a cikin na'urar. Na'urar ba ta rufe masa asiri ba, ƙara tona shi ta yi.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana zargin mawaƙan nanaye da fakewa a bayan Auto-Tune, ana kwatanta su da irin su Mamman Shata da kalangu ya ishe su. Akwai gaskiya a zargin idan kowa ya danna maɓalli ɗaya, muryoyi goma suka fito kamar ta mutum guda. Laifin a nan na mai aikin ne. Vernon ya ɗauki kayan da wasu ke gyara kuskure da shi, ya mayar da shi abin kiɗa, har ba a kama muryarsa da ta kowa.

Bayan haka ya fitar da i,i a 2019, ya rera "Exile" tare da Taylor Swift a 2020. A 2024 ya dawo da 'yan waƙoƙi marasa hayaniya da ke tuna wa mutum farkonsa, sai kundin SABLE, fABLE na 2025 ya ɗora da waƙoƙi masu haske da walwala.

Da ya biye wa masu son ya dawwama a ɗakin katakon nan, da yanzu mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya yana kwaikwayon baƙin cikin da ya yi yana ɗan 25. Wannan ce za ta zama ƙaryar. Masoyin da ke kewar tsohon sautin yana da kundin 2007, yana nan ba wanda ya taɓa shi.