Sharhi: Hidimar Neman Aure Sana'a Ce, Amma Ba Irin Ta Legas Ba

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta samu gindin zama a Legas da Abuja, watau shirya wa saurayi ranar da zai furta wa budurwa buƙatarsa ta aure. Akan kama ɗaki a otal, a ƙawata shi da furanni da kyandir, a ɗauko mai hoto, sa'an nan saurayi ya durƙusa ya miƙa zobe. Duk matashin da ke zaune a unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu, yake kuma tunanin kwaso wannan salo ya mai da shi sana'ar gefe, ya kamata ya dakata tukuna. Kasuwar tana nan, amma ba wannan hajar take nema ba.

Dalili kuwa shi ne, a al'adar Bahaushe saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Magabatansa ne ke zuwa wurin magabatan yarinya, a kai kayan na-gani-ina-so, a yi gaisuwar iyaye, a raba goro da alawa, a sa rana, a yanke sadaki, kana a haɗa lefe. Kowane mataki yana bukatar mutane da tafiya da sayayya. A nan ne matsalar mazauna kurmi take, a nan ne kuma abincin mai dabara yake.

Hausawa ba baƙi ba ne a waɗannan garuruwa. Tun 1916 layin dogo ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu, daga baya ya miƙa arewa, fatake kuma suka bi shi da shanu da kayan gwari. A shekarun 1950 har wani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. To amma duk da wannan daɗewa, da yawa daga 'yan kasuwar Gariki a Inugu, da na bakin gada a Anaca, da na Diobu da Oyigbo a Jihar Ribas, gida suke komawa su yi aure. Mutum yana da rumfar da ba ta rufuwa, iyayensa suna Katsina, yarinya tana Zariya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga kuma cinikin da ke wucewa duk ranar da mai rumfa ba ya nan.

Saboda haka abin sayarwa shi ne ɗauke wa mai nema wannan zirga-zirga: tsara ranar da dattawan ɓangarorin biyu za su haɗu, tanadin mota da masauki, sayen goro da alawa, da riƙe lissafin kowane kwabo a rubuce. Lefe kuwa shi ne ƙashin bayan cinikin. Wanda ke zaune kusa da Babbar Kasuwar Anaca ko ta Ariaria a Aba, ya kuma san farashin atamfa da leshi a Kantin Kwari na Kano, yana iya gaya wa ango inda akwati ko takalmi ko turmin zane ya fi sauƙi. Wannan ilimi ne da ya cancanci lada. Har ila yau akwai batun takardu. Tun watan Mayu na 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da na ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini saboda amosanin jini. Angon da ya sauka ana jibi biki ba tare da ya san da haka ba, ya jawo wa kansa jin kunya a gaban surukai.

Sai dai akwai iyaka, kuma ƙetare ta shi ne ƙarshen sana'ar. Mai wannan hidima ba waliyyi ba ne, ba kuma kawun ango ba ne. Ba zai zauna a madadin dangi ba, ba zai sa baki a yankan sadaki ba, wanda a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Tilas ne ya tabbatar babu wani da aka riga aka ba yarinyar, domin shari'a ta hana nema a kan nema. Binciken asali da hali ma ya fi kyau ya bar wa dangi. Wanda za a biya idan aure ya ɗauru bai dace ya zama mai ba da shaida a kan ango ba. Masu dalilin aure na gargajiya sun sha zargi ta wannan ƙofa.

Batun lada shi ma abin lura ne. Karɓar kaso daga cikin kuɗin lefe kuskure ne, domin yana kwaɗaita wa mai hidima ƙara akwatuna, alhali tsadar lefe na cikin abubuwan da ke hana matasa aure, har ta kai Gwamnatin Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta aurar da mutum 1,800 da matansu a watan Oktoba na 2023. Ya fi dacewa a yanke lada tsayayye tun farko, a gaban shaidu, kuɗin sayayya kuma su bi ta banki da rasit.

Jarin farawa bai taka kara ya karya ba: waya, littafin lissafi, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da amintacciyar mace a arewa wadda za ta shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga. Kafin duk wannan, sai ya fara kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawa da limamin unguwa, domin su ne iyayen yarinya za su tambaya ko wane ne shi.